Yadda Za Ka Raba Masana'antarka Biyu Ka Tsere wa Babban Lasisin Hayaƙi

Kai mai masana'anta, bi matakan nan ba tsallake, na yi maka alkawari hayaƙinka zai tashi sama ba mai tambayar ka babban lasisi. Shekara ashirin na yi ina cike wa manyan kwarin nan takardu, kuma a gaban idona Wendell Prochaska, mai masana'antar bulo ta Tule Bend, ya gwada hanyar nan daga farko har ƙarshe.

1. Ka san iyakar, ka tsane ta

Hukumar kula da iska ta gundumarmu ta yanka adadi. Duk wanda iskar da yake fitarwa, irin mai ɗumama duniya, ta haura shi a shekara, sai ya nemi babban lasisi: a kafa masa na'urar awo a bututun hayaƙi, a sa shi canja tsofaffin injuna, a tara jama'a su tofa nasu. Wanda bai kai ba, 'yar takarda ce shafi huɗu. Matoya biyu Wendell yake gasa bulo a ciki. Kowacce ita kaɗai ba ta kai adadin ba, a haɗe kuwa sun haura. Ranar da na gaya masa, tebur ya buga: "Iskar da ba launi ba wari? Su kamo min ita in gani!"

Haka ake so. Ilimi yana ƙarewa ne daidai inda hancinka ya tsaya.

2. Nemo ɗan'uwan da ka raina

Mayar da masana'antar kamfani biyu, kowanne ƙasa da adadi. Na biyun yana bukatar mai shi a takarda, kuma kada ka kuskura ka ɗauko mai wayo. Wendell ya tuna da yayarsa Doreen, wadda ta shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, wadda ko a liyafar cin talo-talo da iyali ke yi duk ƙarshen kaka kusa da ƙofar kicin yake zaunar da ita. Ya je mata da kek ɗin kanti, ko tambarin farashi bai ɓare ba.

"Yaya, hannu kawai za ki sa. Nan, da nan."

"Yau kuma ni ce Yaya? To karanta min."

"Haba, surutun lauyoyi ne, sai ya sa miki ciwon kai."

Ta ɗauko tabarau ta karanta da kanta, shafi goma sha tara, yana zaune yana kaɗa ƙafa. Sannan ta sa hannu. Ya fito yana gaya min a waya: "Wallahi ko rabi ba ta gane ba."

3. Sayi fenti

Ruwan ɗorawa ya fi fitowa a hoto. Ja layi daga ƙofa har bangon baya. Matoyar gabas ta Wendell, ta yamma ta Doreen. Ma'aikata sittin aka raba, rabi hula shuɗiya, rabi kore. Banɗakin ya faɗa yamma, don haka duk mai shuɗiyar hular da fitsari ya matsa sai ya ziyarci wani kamfani. Kada dariyarsu ta dame ka. Ma'aikaci ba ya fahimtar doka, shi ya sa yake ma'aikaci.

4. Rantse, da ƙarfi

Za a turo sufeto. Tamu ita ce Araceli Quintero, 'yar gajeriya mai tsohuwar mota, ba ta ɗaga murya. Ta zaga, ta tsaya a kan layin ta dube shi.

"Yallaɓai, yumɓu ɗaya, ƙofa ɗaya, bututun gas ɗaya. Kamfani biyu?"

"Maƙwabta ne mu, baiwar Allah. Laifi ne?"

"Kana da iko a kan matoyar yamma?"

"Ko na sakan ɗaya. Ban ma san me suke yi a can ba."

"Za ka rubuta min haka, da rantsuwa?"

Ya rubuta, har da jan layi a ƙasan sunansa. Bayan sati uku ƙananan lasisi biyu suka fito. Ka ga alkawarina ya cika.

5. Kada ka yi mamaki

Litinin da safe Wendell ya tarar da matoyar yamma a kashe. Doreen tana zaune a kujerar roba da koriyar hula, mutum talatin tsaye a bayanta.

"Yaya, wa ya kashe wutar nan?"

"Mai ita. Sabbin injuna zan sa, da na'urar awo. Ni na roƙi hukuma ta zo ta kafa."

"Kin haukace? Masana'antata ce!"

"Haka ka rubuta wa Araceli?"

Doreen ta miƙe.

"Shekara talatin ina ba yara abinci. Da, a fili suke ci. Yanzu duk bazara sai a kulle min su a ɗaki, yau zafi, gobe hayaƙin gobarar daji, suna leƙen taga. Ban ce kai kaɗai ka jawo ba. Amma naka kason zan ga an auna shi. Kuma bututun gas ɗinka ta filina ya bi. Ka kafa na'ura a naka ɓangaren, ko in rufe maka gas ɗin."

Ya kira lauyansa. Lauya ya ce zaɓi biyu ne: ko ya bi ta, ko ya je gaban alƙali ya bayyana cewa rantsuwar ƙarya ya yi. Wendell ya zauna a mota awa guda da injin a kashe, gumi na zuba. Ya zaɓi na'ura. Yanzu bututun hayaƙi biyun duka ana auna su, ba ma'aikacin da ya rasa aiki, kuma duk Laraba Wendell yana zuwa ofishin Doreen ya jira a benci har ta gama waya.

Sanarwa: duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, kai ka jawo. Ban san ka ba, ban san yayarka ba, ban taɓa riƙe burushin fenti ba. Doreen ta sallame ni daga cike wa kamfaninta takardu a ranar, Wendell kuma har yau yana nemana. In kun haɗu, ka ce masa na koma jihar Nevada.