Yadda Za Ka Tsira da Aikin Gadi da Kunfun Hannu Rabbana

Kai maigadin da furfura ta fara ci wa amana, matso kusa. Ka ji ƙishin-ƙishin Manaja zai kawo wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar sito ya gaje kujerarka? Kwantar da hankalinka. Matakai biyar ne, ka bi su, na ba ka tabbacin babu mai korar ka. Su ne Baban Ƙofa ya bi, wanda ya shekara goma sha tara yana gadin wani kamfanin katifa.

1. Zaɓi darasin da ba ya cin ko sisi

Kunfun mutanen Sin akwai na takobi, akwai na sanda, akwai na tsallake katanga. Duk ba sa'anninka ba ne. Nemi darasin farko a waya, wanda ake yi hannu rabbana, a tsaye wuri guda, ko ƙafa ba a ɗagawa. Malamin cikin bidiyon ya ce sai an shekara uku a kansa kafin a wuce gaba. Baban Ƙofa kwana tara ya rage masa wata ya ƙare a kawo ƙaton. Wannan ba matsala ba ce, malamai sun saba zuzuta abu.

2. Gyara tsayuwa

Buɗe ƙafafu, karkato yatsun ƙafa ciki, matso gwiwoyi kamar ka matse akuya a tsakaninsu. Dunƙule hannuwa a gefen ƙirji. Baban Ƙofa yana cikin haka a lungun da ke tsakanin gado da durowa, matarsa ta shigo da tsintsiya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, in fitsari ne ai babu kowa a banɗakin."

Kada ka tanka. Babu jarumin da aka taɓa ganin girmansa a ɗakin matarsa.

3. Yi a hankali, sannan ka ƙara rage gudu

Nan asirin yake. Miƙa hannun hagu gaba, tafin hannun yana kallon sama, sannu sannu, yadda kafin ya isa ruwan zafi ya huce. Murza wuyan hannu, dawo da shi, sake turawa har sau uku. Harshe a manne da ganɗa, ido a kafe wuri guda, magana haramun. Za ka ce wane ɓarawo ne zai tsaya jiran wannan hannun ya iso? Irin tambayar da ke hana mutanenmu ci gaba ke nan.

4. Yi a inda idon da ya dace zai gani

Ilimin da Manaja bai gani ba asara ne. Ranar Litinin da safe Baban Ƙofa ya hango motar Manaja ta shawo kwana, ya kafe a gaban ƙofa, ya fara. Kwana tara na matse akuya sun riga sun gama da gwiwoyinsa, sai kakkarwa suke yi. Manaja ya danna hon sau uku, shiru. Ya fito ya tarar da dattijo ƙafafu a karkace, hannu ɗaya a ƙanƙame a ƙirji, ɗayan yana rarrafe cikin iska, gumi yana tsiyaya.

"Baba! Baba, kana ji na?"

Baban Ƙofa ya ji daɗi a ransa, ya ce yau mutumin nan ya ga abin tsoro. Ya ƙara kafe ido.

"Innalillahi! Shanyewar jiki ce, haka ta fara wa mahaifina. Ku kawo katifa!"

Leburori huɗu suka ɗauke shi a kan sabuwar katifa, ko ledarta ba a cire ba, sai asibiti.

5. Karɓi nasara ta ƙofar da ta shigo

Likita ya duba bai ga komai ba, ya ce a dai riƙa lura da shi. Manaja ya tsaya a bakin gado idonsa ya yi ja, ya ce duk wanda ya kori bawan Allah a wannan hali ba zai gama da duniya lafiya ba. Baban Ƙofa ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, matarsa ta mintsine shi ta ƙarƙashin mayafi.

"Malam, yara biyar," ta raɗa masa.

Ƙaton dai an kawo shi, shi ke buɗe ƙofa yanzu. Baban Ƙofa an ba shi kujera a inuwa da albashinsa cif. Kullum da safe yana tahowa da tafiyarsa garau, da ya kusa kwanar kamfani sai ya fara jan ƙafa. Ƙaton ya tarye shi, ya tallabe shi kamar jariri ya zaunar, yana cewa, "Sannu Baba, ya ƙarfin jiki?" Abin yana cin ransa ƙwarai, don shi so ya yi a ji tsoronsa. Sai ya gyaɗa kai kawai, ya rawar da hannun hagu.

Gargaɗi

Ciwon gwiwa, dariyar iyali, da leburori masu yi maka addu'ar samun sauƙi, babu hannuna a ciki, kada kowa ya neme ni. In kuma wata rana ka manta ka warke, wannan tsakaninka da Manaja ne.