Tsohon Modem a Cikin Kabad ɗin Takalma

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kusa jawo wa matata asarar shekara guda ba, ni da nake digiri na uku a fannin sadarwar kwamfuta.

Lokacin muna zaune a unguwar Danau Kota da ke Kuala Lumpur, a hawa na sha tara. Matata Rukayya ta gama rubuta kundin digirinta na biyu a wata jami'a a gida kafin ta biyo ni Malesiya, saura ta kare shi a gaban malamai. Da ƙyar aka yarda ta yi ta bidiyo, ƙarfe tara na safe agogon Najeriya, wato huɗu na yamma a wurinmu. Shugaban sashen ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: idan intanet ya yanke, ba za a zaunar da dattawa suna kallon allo ba, sai ta jira rukunin baɗi.

Matsalar gidan ita ce modem ɗin da kamfanin intanet ya sa mana yana cikin kabad ɗin takalma a bayan ƙofar shigowa. Kafin waifai ya ratsa bango biyu ya kai ɗakin karatu ya galabaita. Datar waya kuwa sai ka fita baranda ka ɗaga hannu sama. Don haka na sayo rauta irin wadda ake kira mesh: 'yan akwatuna uku farare, kowane bai fi kofin shayi ba. Ɗaya ake haɗa wa waya daga modem, sauran biyun su riƙa karɓa daga gare shi suna yaɗawa cikin ɗakuna.

Da hankali ne da na haɗa tun mako guda kafin ranar. Amma ni gwani ne, sai na bari sai safiyar Larabar. Na ja waya daga modem zuwa akwati na farko a falo, na ajiye na biyu a lungu, na uku a kan teburin Rukayya. Cikin minti ashirin komai ya kama, har banɗaki sabis ya cika. Na ɗauki hoton gudun intanet ɗin na tura zauren hirarmu na 'yan Najeriya mazauna yankinmu na Setapak, na rubuta cewa duk mai buƙatar taimako ya neme ni. (Ba wanda ya tambaye ni, ni dai na ga ya kamata duniya ta sani.)

Na sauka masallacin da ke ƙasan gininmu na yi azahar, ina dawowa hadari ya haɗo, irin ruwan ranar nan na Kuala Lumpur mai zuwa da tsawa kamar za a tsaga gini. Na ci abinci, na miƙe a kujera ina jin daɗin kaina.

Wajen biyu da rabi Rukayya ta leƙo daga ɗakin karatu.

"Abban Amira, ba ya buɗewa fa."

"Me ke nan?"

"Komai. Sabis a cike, amma ko saƙo ba ya fita."

Na tashi da murmushin manya na ce ta ba ni minti biyu. Na kashe akwatin falo na kunna. Shiru. Na zare wayar da ke bayansa, na hura, na mayar. Na samo tsinken sakace na danna ɗan ramin da ke goge komai, na sake saiti daga farko, sau uku. Manhajar wayata ta rubuto mini da manyan baƙaƙe cewa in duba modem. Na ce manhaja ba ta san komai ba, ai da hannuna na haɗa shi da safe.

Ƙarfe uku na kira kamfanin. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka, ta tambaye ni da Turanci ko modem ɗin a kunne yake. Wallahi sai na ji kamar ta mare ni. Na gyara tsayuwa na sanar da ita abin da nake karanta, da shekarun da na yi ina koyar da shi a jami'a, na ce ta daina ɓata mini lokaci ta duba layinsu. Ta ce, "To lah, ranka ya daɗe," da "lah" ɗin nan da mutanen Malesiya ke liƙa wa magana, ta ƙara da cewa ma'aikacinsu zai zo gobe da safe.

Na juya na ga Rukayya zaune a gaban kwamfuta, ta sa sabon mayafinta, takardu a jere, tana bitar su kamar ba abin da ya faru. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske. Shekara biyu tana rubutun nan da goyo, ga shi ni zan rushe mata shi da rana tsaka. Baranda kuwa ruwa na dukanta ta ko'ina.

Ashe ta riga ta kira matar Alhaji Sabo ta roƙi aron ɗaki mai intanet. Alhaji Sabo dattijo ne Bakatsine da ke digiri a fannin Larabci, yana zaune a ginin da ke kallon namu, mutumin da da yatsa ɗaya yake rubutu a waya. Uku da rabi ta wuce sai ga shi da lema biyu, ya zo ya raka ta. Ya cire takalmi, ya buɗe kabad don ya ajiye, sai ya tsaya yana leƙe.

"Injiniya, wai wannan akwatin naku ba ya yin 'yar koriyar fitila? Namu kullum ƙyaf-ƙyaf yake yi."

Na ƙarasa na duba. Modem baƙi ƙirin, makunnin soket a kashe. Nan take abin ya dawo mini. Da na shigo daga masallaci ina ajiye takalmi aka yi wata tsawa, hannuna ya kai kan makunnin da kansa. Haka aka raine mu a Kano. Tun ranar da tsawa ta ƙona talabijin ɗin mahaifinmu, duk wanda ya ji rugugi bai kashe soket ba ya san sauran. Na kashe, na rufe kabad, na manta sarai.

Alhaji Sabo ya sa yatsan nan nasa ɗaya ya danna. Fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Daga ɗaki muka ji saƙonni na shigowa wayar Rukayya a jere.

"Boleh ke nan?" in ji shi da kalmar mutanen Malesiya, wato ko ya yi.

"Boleh, Alhaji," na ce, ina kallon tayil.

"Ai ku masana abin ya fi yi muku wuya, don kun san wurare da yawa da za ku duba." Ya faɗa da zuciya ɗaya, wai lallashina yake yi. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Huɗu saura minti goma Rukayya ta shiga zaman bidiyon. Ni kuwa na jawo kujera na zauna a gaban kabad ɗin takalma ina gadin soket, hannayena a ƙarƙashin cinya, don har lokacin ana tsawa kuma ban yarda da kaina ba. Awa biyu cur, ko ɗigo bai yanke ba.

Da ta fito fuskarta ta gaya mini kafin bakinta. Ta ci, sai 'yan gyare-gyare. Na yi hamdala, ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina irin na ranar ba.

"Cikin gyaran har da shafin godiya," in ji ta, tana cire mayafi. "Na rubuta cewa mijina ne ya taimaka da harkar na'ura. Zan sa sunan Alhaji Sabo a sama, naka ya biyo."

Ban yi gardama ba. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko abu a kunne yake, tashi nake in je in gani da idona, in dawo, sannan in yanke shawara ko akwai buƙatar ya san abin da na karanta.