Abin da Tarkona Ya Kama a Gidan Amm Usman

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da wata la'asar ta ranar Alhamis a unguwar Harra ta Yamma, a birnin Manzon Allah. Lokacin ina ɗinki a wani shago a unguwar Sultana, ina kuma haya a ɗakin da ke jikin gidan Amm Usman, wato Baffa Usman, wani dattijo Bahaushen Sudan. Sai da mutum uku suka tsaya mini kafin ya yarda ya ajiye gwauro kusa da iyalinsa, kuma sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in kuskura in shiga tsakar gida sai na ɗaga murya na ce "Dastur", wato gafara dai irin ta mutanen nan, don mata su kimtsa. Ranar da na saɓa, in tattara komatsaina.

Matarsa, Hajiya Batula, tana kiwon kaji a bayan gida. Sai wata yanyawa daga cikin baƙaƙen duwatsun bayan unguwa ta gano hanyar akurkin, cikin sati biyu ta kwashe kaji huɗu. Muna shan shayi Amm Usman yake ba ni labari, bakina ya riga hankalina, na ce ai mu gidan maharba ne, a bar mini ita. (Allah Ya yafe mini. Kakana kanwa yake sayarwa, ko ɓera ban ji an ce ya taɓa kamawa ba.)

Na je wurin abokina mai walda, wani ɗan Chadi, na zana masa keji mai ƙofa da ke faɗowa daga sama, sakata ta kama ta daga waje. Da yake ban taɓa ganin yanyawa ido da ido ba, awon da na ba shi ko kura zai ɗauka. Muka girke shi a jikin bango kusa da akurki, na lulluɓe shi da buhuna don kada dabbar ta gane.

Ranar Alhamis ɗin na dawo da wuri. Amm Usman ya tafi Harami, na yi dastur har sau uku, shiru, ba kowa. Na rarrafa cikin kejin zan rataye kan kaza a ƙugiya, gwiwar hannuna ta taɓi igiya, sai na ji garam a bayana. Gaskiya ɗan Chadin nan ya iya aikinsa. Na tura, na ja, na zura yatsa, sakata ta ce ba ta san ni ba. Wayata kuma tana ɗaki tana caji.

Ina cikin wannan kokawa sai na ji muryoyin mata, sun kai goma. Ashe Hajiya ta fita ne ta taho da ƙawayenta, za su yi wa 'yar ƙanwarta lallen biki. Suka shimfiɗa darduma taku kaɗan daga inda nake, na ji tana cewa su cire abayoyinsu su sha iska, babu namiji a gidan.

A nan ya kamata in yi magana, na sani. Amma na tuna bugun ƙirjin da na yi a kan maharba, na ce bari in ɗan jinkirta ko dabara za ta zo. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, sai na gane na makara. Duk wanda ya ji muryata yanzu zai ce ƙato ne ya laɓe a bayan buhu yana leƙen matan mutane. Ɗaki ya tafi ke nan, suna ma ya tafi, don kafin Juma'a labarin zai kai har unguwar Bani Harisa, inda mutanenmu suke.

Na juya fuskata na manna a bango, na runtse ido. Kan kazar ya fara wari, ƙudaje suka taru, zakaran gidan ya gano dugadugaina ta tsakanin ƙarafa ya riƙa sara kamar yana tsattsagar gero. Abin da ya fi ci mini rai, wata ta tambayi ina maharbin da ake ta magana, Hajiya ta shiga yabona, wai yaro ne mai kunya, ko ɗaga ido ba ya yi. Wallahi na ji kamar in yi kuka.

Kusan awa biyu na yi a haka. Da aka kira Magariba ƙafata ta dama ta riga ta mutu, sai na tattara ɗan sauran mutuncin da nake da shi, na ce da siririyar murya, "Dastur."

Nan take aka watse. Na ji faranti ya kife, na ji ana rububin abaya. Can sai Hajiya ta zo da sandar tsintsiya ta ɗaga buhu daga nesa, ta tsaya tana kallona.

"Ya waladi, ɗana, ashe kai ne ke cinye mini kaji?"

Na shiga rantse-rantse cewa idona a rufe yake tun zuwansu. Ta dubi goshina da shatin bango ya fito raɗau a kai, ta dubi dugadugaina, na ga kafaɗunta sun fara rawa don dariya. Na roƙe ta don Allah ta zare sakatar.

"La, la, a'a. Kai ba muharramina ba ne, ta yaya zan matso? Jira Usman."

Haka na zauna har ya dawo daga salla. Ya tsaya a kaina da carbi a hannu, fuska ba walwala, ni kuwa a zuci na riga na fara ninke kayana. Ya tambaye ni, dastur ɗin kafin in shiga na yi ko bayan an kama ni? Na ce duka biyun, Baba. Sai dariya ta ƙwace masa har ya nemi wurin zama, ya manta bai buɗe ni ba tukuna.

Bai kore ni ba. Washegari ya sayo raga ya rufe saman akurkin, ɓarnar ta tsaya. Abin da na koya kuwa, in dai kunyar ta zama dole, yi ihunka tun a minti na farko. Ni na tsaya jiran dabara, sai na sha kunyar gaba ɗaya, na ƙara da saran zakara.