Guɗar da Na Rangaɗa a Gidan Giya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da na so in manta ma ba dama, tunda bidiyon yana nan a wayar Hajiya Rakiya. Ni ɗin nan, nas mai furfura, wadda in an yi taron suna a garinmu Gaithersburg, nan Amurka, ake miƙa wa lasifika ta yi wa iyaye faɗa kan tarbiyya, ni ce na shiga gidan giya da ƙafafuna, rana tsaka, da mayafina da jakata.

Bari in faro daga tushe. Ɗana na fari shekararsa ashirin da huɗu, kuma har zuwa ranar nan bakina bai taɓa furta sunansa ba. Haka muka taso a Zariya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi a gaban mutane. Sai dai “kai”, ko “yaron nan”. (A takardun makaranta ina rubutawa, rubutu ai ba faɗa ba ne.) To, yaron nan a Amurka aka haife shi, inda uwaye ke tsayawa bakin fili suna kwarara sunan ’ya’yansu har muryarsu ta dushe. Yana ɗan shekara sha ɗaya ya same ni a kicin, ya tambaye ni da Turanci me ya sa nake kiran ƙanwarsa Zainab da sunanta, shi kuma ba na kiran nasa. Ya ce ko ba na son sa ne? Kun san amsar da na ba shi? “Kai, je ka kwashe shara.” Bai sake tambaya ba. Ya girma, ya sami aikin kwamfuta, ya kama ɗaki a Alexandria, wani gari da ba shi da nisa da mu, muna gaisawa lafiya lau, sai dai maganar nan tana nan tsakaninmu ba wanda ya sake taɓa ta.

Wata ranar Laraba Hajiya Rakiya ta kira ni. Ƙawata ce, ’yar Damagaram, tana sayar da atamfa a garin Clinton, mijinta Alhaji kuma direban tasi ne.

“Hajiya, ba gulma na kira in yi ba,” in ji ta. (Da na ji haka na nemi kujera na zauna.) “Alhaji ne ya ce sau uku yana ganin yaronki. Kin san gidajen giyan nan na kusa da filin ƙwallo, da suke cika ranar wasa? To, can yake shiga, da wata ƙatuwar jaka a kafaɗa.”

Innalillahi! Na gaya wa baban yara, ya ɗago daga karatunsa ya ce, “Ki kira shi ki tambaye shi mana.” Ji wata magana! Na ce a’a, sai na kama shi dumu-dumu. Ni da bakina na ce wa Hajiya Rakiya ta raka ni, ta kuma cika wayarta da caji, ta ɗauki komai don in nuna wa babansa shaida. Ku riƙe wannan, ni na sa ta.

Asabar ta zo. An toshe tituna, muka ajiye mota can nesa muka taka. Ga zafi kamar a gasa gurasa, amma kowa da gyalen kulob a wuya. Ashe haka suke yi: tun saura awa uku a fara wasa magoya baya suke taruwa a waɗannan gidajen, kowace ƙungiya da nata, su ci su sha su yi waƙa, in lokaci ya yi su fito gaba ɗaya su bi makaɗa har cikin fili. Muka sami gidan da Alhaji ya kwatanta. Wani ƙaton mai gadi ya tare mu ya ce mu nuna katin shaidar shekaru. (Na so in yi fushi, amma gaskiya na ɗan ji daɗi.)

Na yi a’uziyya na shiga da ƙafar hagu, kamar mai shiga banɗaki. Wari ya buge ni, na sa hannu na toshe hanci, ɗaya hannun kuma na tattare zanina kada ya taɓa ƙasa. Mutane maƙil, ga talabijin a kowane bango, ga manyan ganguna ana ta dukan su. Ina ta raba ido, ina shirya kalaman da zan sauke masa. Can sai kunnena ya tsinkayi wani sauti a cikin hayaniyar, siriri, mai magana. Kalangu.

Na ɗaga kai. Ga yaron nan tsaye kan benci, kalangu a hammata. Har kalangun na gane shi, ni na sayo shi a Zariya don ranar al’adu ta makarantarsu, ina zaton yana ɗakin ajiya. Ni jikar liman ce, gidanmu ba a gaji kiɗa ba, saboda haka laifi ya zama biyu ke nan. Na fara kutsawa, Hajiya Rakiya tana biye da ni da waya a sama.

Sai ya ɗaga hannu, ganguna suka tsaya cak. Ya buga kalangun sau uku, ƙwan, ƙwan, ƙwan, ya ɗauki lasifika ya ƙwala: “Ku tashi!”

Gidan gaba ɗaya ya amsa: “Gari ya waye!”

“Ku tashi!”

“Barci ya ƙare!”

Da Hausa. Turawa, baƙaƙe, masu jin Sifaniyanci, maza da mata, suna karya harshe suna faɗar maganata. Eh, tawa ce. Shekara da shekaru in na dawo daga aikin kwana a asibiti, ko takalmi ban cire ba nake ɗaukar ludayi in buga ƙofar ɗakinsu sau uku in ce, “Ku tashi, gari ya waye, barci ya ƙare!” Yaron da in na yi masa Hausa yake mayar mini da Turanci, shi ne ya koya wa gida guda Hausa.

Wani dattijon Bature da ke gefena, ya shafa fenti a kumatu, ya ga na yi sororo, sai ya sunkuyo ya yi mini bayani, bawan Allah. Ya ce wannan yaren Afirka ne, sunansa Hausa. (Na gode, malam.) Ya ce in ƙungiyarsu tana baya, da wannan ake tayar da ’yan wasa. Wai waƙa ce da mahaifiyar yaron take rera masa kullum da safe. Waƙa! Ni da nake masifa! Ya ƙara da cewa yaron ya gaya musu mahaifiyarsa tana kwana tana jinyar mutane, ta dawo ta shirya su makaranta, kuma bai taɓa ganin ta makara ba, shi ya sa yake so ƙungiyarsu ta yi wasa kamar ita.

To, daga nan ban san abin da ya shige ni ba. Dama hannuna yana kan hanci saboda wari, kun ga an gama rabin aiki. Sai kawai na ji guɗa ta ɓalle daga bakina, doguwa, irin ta kai amarya, wadda rabona da yin ta tun bikin ƙanwata. Ban tsaya nan ba. Na buɗe maƙogwaro na ce, “Aminu! Aminu ɗana! Allah ya yi maka albarka, Aminu!”

Sau uku, jama’a. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da sunan nan, na zo na zubar da shi a gidan giya.

Wurin ya yi tsit. Wasu suka fara duban rufi, sun zaci ƙararrawar gobara ce. Mai gadi ya shigo da gudu. Kowa ya juyo yana kallon matar da ke tsaye da atamfa, hannu a hanci, hawaye shaɓe-shaɓe. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai ƙasar ma ba ta da tsarki.

Yaron nan ya diro daga benci, mutane suka dare. Ya zo ya durƙusa a gabana, a kan wannan daɓen mai danƙo, ya ce, “Mama, ina wuni.” Sannan ya ɗago ya ce da Hausarsa ta koyo, “Mama, me kin ce?”

“Ban ce komai ba.”

“Ta ce,” in ji Hajiya Rakiya. “Yana nan a waya.”

Ya miƙe ya gaya musu ni ce mai waƙar. Ihun da suka yi, na ɗauka rufin zai faɗo. Wani ya rataya mini gyale a kan mayafi, wata ta rungume ni. Duk da haka ban manta da abin da ya kawo ni ba, na fizge gorar da ke aljihunsa na shinshina. Ruwa ne. Matar da ke sayar da abin sha a wurin ta yi dariya ta ce shekara biyu ke nan, ban da ruwa da soyayyen dankali ba su taɓa cin kuɗinsa ba. Da suka fito za su tafi fili na ce ni mota zan koma. Sai dai hanyarmu ɗaya ce, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi tafiya a bayan ɗana ba, shi ya sa a bidiyon za ku gan ni a sahun gaba.

Kafin magariba bidiyo ya shiga guruf ɗinmu na mata a waya. Hajiya Rakiya ta rantse hannunta ne ya zame. Washegari Yaya Binta, babbar yayarmu, ta kira daga Zariya. Na shirya jin faɗan gidan giya, sai ta ce, “Ke, sunan ɗan fari? A bainar jama’a? Har sau uku?” Giyar ko ta kanta ba ta bi ba.

Sati guda na yi ina bin mutane ina roƙo su goge. Na zo kan Zainab, ta ce ita za ta goge nata, amma kada in wahalar da kaina wajen yayanta. Ta ce ya yanke daidai wurin da na kira sunan, ya mai da shi ƙarar da ke tashin sa daga barci. Kullum da asuba, a ɗakinsa na Alexandria, muryata ce take kiran sa sau uku.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na daɗe ban fito ba. Daga ranar ban sake cewa kowa ya goge ba.

Har yau ba na son wurin, na kuma gaya masa, shi ma ya sani. Har yau in ya zo gida “kai” nake ce masa, bakin ya riga ya saba. Amma na koyi abu biyu. In za ki je kama ɗanki, kada ki tafi da mai waya. In kuma yaro ya tambaye ki ko kina son sa, ki amsa masa tun a kicin ɗinki, inda ba kowa sai ke da shi da tukunya.