Rasuwar Kawu, Goge Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Kawu, gogena na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin aikin mahaifina. Ya girme ni da shekara sittin, shi ya sa nake ce masa Kawu.

Marigayin mai haƙuri ne. Shekara goma sha uku yana maƙale tsakanin haɓata da kafaɗata, awa biyar kullum, bai taɓa ƙosawa ba. Da farko kukan kyanwar da aka taka wa wutsiya yake yi, "ƙiiii", har maƙwabciyarmu takan buga bango da takalmi. Daga baya ita ce mai buɗe taga idan ya fara.

Ƙauna ce ajalinsa. Alhamis ɗin nan nake da gwajin shiga babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ba ta ɗaukar sabon hannu da ya haura shekara ashirin da biyar, ni kuwa wata mai zuwa zan haura. Baba kafinta ne, ba ya ganin katako ya ƙyale, kuma ba ya so a ga 'yarsa da abu duk dauɗa. Ina fita ya kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya, ya goge Kawu har yana ƙyalli. Sai ya ji wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki. Ya girgiza, ɗan tsinken katako ya faɗo, ya share shi cikin shara. Tsinken nan shi ne ginshiƙin da ke tokare ƙirjin goge. Da Baba ya mayar da tsirkiya ya ɗaure tam, marigayin ya ce "ƙas", ƙirji ya tsage. Garin neman gira aka rasa ido. Baba ya cike tsagar da gam ɗin haɗa kujera.

Mai gyara ya duba ya ce, "'Yata, da tsagar ce kaɗai, da na ce ki ba ni wata uku. Amma gam ɗin nan ya gama da shi." Ya rufe akwatin gogen a hankali.

Kawu ya rasu ya bar mata ɗaya, sandar izgar da ake goga shi da ita, da guntun ƙaron shafa wa izgar, da kanta a yatsuna huɗu, da ni, wadda ban iya wata sana'a ba. Tsoro nake ji, ban ɓoye ba.

An gaya wa Baba tsufa ne ya kashe Kawu. Masu ta'aziyya su kama bakinsu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis ƙarfe goma, a ƙofar zauren gwaji. Za a gan ni a layi, lamba goma sha huɗu, da sandar izga a hannu. Duk mai gogen da ke kwance a ƙarƙashin gado, don Allah ya zo da shi. Aron minti goma sha biyu kawai nake roƙo.