Ranar da Na Yi Indiyanci a Gaban Ba'indiye

Ko da zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini a Kaduna ba.

A Kudan na tashi, kuma a zamaninmu duk mai shiga gidan kallo ya san ni. Da an saka fim ɗin Indiya sai a matsa mini a benci, in zauna tsakiya ina faɗa wa jama'a abin da jarumi ya ce. (Tsakani da Allah fuskarsa kawai nake kallo. In ya murtuke in ce zagi ne, in ya yi kuka in ce uwarsa ce ta rasu.) Ba wanda ya taɓa musa mini, har ni kaina na yarda ina jin yaren.

Da wannan baiwa na sha cika wa Balkisu baki. 'Yar Ikara ce, lokacin tana karatun jinya a Kaduna, ni kuma ina koyarwa a firamare. Da maganarmu ta yi ƙarfi, Yaya Nasiru, wanda ke riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu, ya ce yana son ganina. Maimakon gida, sai ya ce mu haɗu a wani gidan abincin Indiyawa, tunda ya ji an ce ni nasu ne.

Na ci farar shadda, na riƙo mazarƙwaila tsaraba, na hau mota.

Wurin sanyi ƙalau, ko'ina ƙamshin kanumfari. Aka kawo shinkafa zara-zara, da wata faffaɗar gurasa mai man shanu, da jar miyar kaza. Yajinsu ba irin namu ba ne, sai ka haɗiye yake waiwayowa. Ina gumi ina cewa ai na saba, Balkisu tana turo mini kofin ruwa a hankali don kada yayanta ya lura.

Can sai mai wurin, wani dattijon Ba'indiye mai farin gashin baki, ya zo yana gaisawa da baƙi. Yaya Nasiru ya ce, "Malam, faɗuwa ta zo daidai da zama. Yi masa godiya da yarensu mana, mu ma mu ji."

Da ina da wayo da na ce yaji ya shaƙe ni. Amma Balkisu ta zuba mini ido tana murmushi. Na miƙe, na dafa ƙirji, na sako wata doguwar magana da na haddace, wadda na daɗe ina fassara wa mutanen Kudan da "na gode, Allah ya saka da alheri." (Har da karya wuya, jama'a.)

Dattijon ya kalle ni. Sannan ya buɗe baki da Hausa garau, irin ta Kanawa:

"Samari, na gode ƙwarai. Sai dai ina da mata, har da jikoki."

"Baba, me ya ce maka?" in ji Yaya Nasiru.

"Cewa ya yi idanuna sun hana shi barci, kuma in ba ni, ba zai rayu ba. A Kano aka haife ni, amma ban taɓa samun mai sona haka ba."

Yaya Nasiru ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Balkisu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta kawai ke rawa. Ni kuwa na koma na zauna, na ci gaba da cusa shinkafar da ba na jin ɗanɗanonta, na riga na sallama auren.

A bakin mota Yaya Nasiru ya dafa ni, idonsa har lokacin da hawaye. "Ka turo magabatanka. Wanda aka yi wa wannan dariya bai gudu ba, zai iya zama da Balki."

Bayan aurenmu ba baƙon da zai shigo gidanmu bai sha labarin ba. Takan miƙe ta dafa ƙirji, ta yi ni, ta juya ta yi tsohon. In ɓata rai, in ce, "Haba Balki, ba ya ƙarewa ne?" Ta ce, "Sai ranar da na gaji, Malam."

Bara da damina Allah ya karɓi abarsa. Yanzu baƙi kan zo, mu gaisa, su sha ruwa su tafi. Yaya Nasiru ma ya daina tsokanata, tausayina yake ji, ni kuwa da zai yi da na gode masa.

Na dai koyi kama bakina a kan yaren da ban iya ba. Na kuma koyi cewa mai yi maka dariya a cikin gidanka, ka bar shi ya yi ta ishe shi. Ga shi yau da bakina nake tona wa kaina asiri, kuma ko muryar tsohon ban iya kwaikwaya kamar yadda take yi ba.