Hannun da Ya Yi wa Aladu Allura

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da wani cin abincin rana a unguwar Tandabawi ba. Lokacin ina sabon zuwa Makka, ana tsaka da aikin faɗaɗa Harami. Likitan dabbobi ne ni, ina duba tumakin hadaya. Na ga wata 'yar Hausawa haifaffiyar nan, ta kwanta min a rai, sai mahaifinta, Ammu Salihu, ya gayyace ni gida don ya auna hankalina. (Hankalin kuwa ranar a masauki na baro shi.)

Aka kawo babban farantin shinkafa da naman rago, muka kewaye shi da yayyenta maza, kowa ya sa hannu. Can tsohon ya ce, "Ya Duktur, wane aiki ka fi alfahari da shi?"

Da na ce tumaki, da an wuce wurin. Amma sai na tuno gonar da na yi bautar ƙasa a kudancin Kaduna, inda ciwon huhu ke hana 'ya'yan aladu girma, su yi ta busasshen tari, masu su kuwa da su suke ciyar da iyali. Na shiga bayanin yadda ake rungumar ɗan alade a soka masa allurar rigakafi a wuya, bayan kunne. Daɗin labari ya kwashe ni, na zaro hannu daga cikin shinkafar na ɗaga sama.

"Wallahi da wannan hannun na yi musu, ɗaya bayan ɗaya!"

Babban yayanta ya ajiye lomar da ya dunƙula. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, a raina na ce aure ya tafi.

Ammu Salihu ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya ce, "To ya waladi, ɗana, tarin ya yi sauƙi?"

Na ce ya yi.

"Alhamdu lillahi, su ma halittar Allah ne. Ku ci abinci." Shi ya fara mayar da hannu, kuma ta gefena ya ɗiba. Har yau in na tuna sai idona ya ciko.

An ba ni matar. Aikin nan ban taɓa jin kunyarsa ba, sai dai na koyi cewa ba kowane labari ake bayarwa da hannu a cikin faranti ba. Surukata, wadda ta ji komai ta bayan labule, ba ta taɓa ce min uffan ba. Amma duk ranar da na je gidan, ni kaɗai ake kawo wa cokali.